FRITZ BAUER, MA'AIKACIN SHARI'AR DA YA HANA MASU KISA SAJEWA DA JAMA'A

A ran 8 ga watan Mayu na shekara ta 1945 aka tsayar da yaƙin Hitila a nahiyar Turai. Bayan ƴan watanni, ƙasashen da suka ci yaƙi suka kafa kotu a birnin Nuremberg na ƙasar Jamus, suka gurfanar da manyan shugabannin mulkin Nazi, aka yanke wa 12 daga cikinsu hukuncin kisa. Mutane da yawa suka ɗauka magana ta ƙare. Amma kisan Yahudawa wajen miliyon 6, maza da mata da yara, ya fi ƙarfin mutum 12. Sai da aka samu mai rubuta sunaye, da mai sa hannu ga takarda, da mai shirya jirgin ƙasa, da likita mai zaɓen wanda zai mutu, da mai tsaron ƙofa. Waɗannan kuwa dubbai ne. Da yaƙi ya ƙare, kaɗan daga cikinsu suka ƙetare teku da sunan aro. Mafi yawa kaki kurum suka tuɓe, suka koma garuruwansu, wani ya buɗe kanti, wani ya koma aikin ƴan sanda, wani ma ya sake hawa kujerar alƙali.

Cikin mutanen da suka tsaya a Jamus kanta don kada waɗannan masu laifi su ɓace cikin jama'a, babu wanda ya kai Fritz Bauer. Ma'aikacin gwamnati ne, mai biro da dosiye da albashin wata, kuma da waɗannan kayan aiki ya yi duk abin da ya yi.

ASALINSA DA KARATUNSA

An haifi Fritz Bauer a birnin Stuttgart, kudu maso yammacin Jamus, ran 16 ga watan Yuli na shekara ta 1903. Iyayensa Yahudawa ne, ubansa ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi. Ya yi karatun shari'a da na tattalin arziki a jami'o'in Heidelberg da Munik da Tübingen. Tun a shekara ta 1920, yana saurayi, ya shiga jam'iyyar SPD, wadda ke kare ma'aikata da mulkin jamhuriya. A shekara ta 1930 aka naɗa shi alƙali a garinsu, ana kuwa lissafa shi a matsayin alƙali mafi ƙarancin shekaru a ƙasar a wannan zamani.

Gidajen shari'ar da ya shiga ba su da ƙaunar jamhuriyar da suke yi wa aiki. Alƙalai da yawa sun gaji kujerunsu tun zamanin sarauta, suna tsananta wa ƴan ƙwadago, suna sassauta wa masu son kifar da gwamnati daga ɓangaren masu wariyar jinsi. Hitila kansa ya gwada juyin mulki a Munik a shekara ta 1923. Aka yanke masa ɗaurin shekara 5 a shekara ta 1924, amma kafin shekarar ta fita an sake shi. Bauer ya ga haka tun yana ɗalibi, ya gane cewa doka mai kyau ba ta tsare kowa idan mai riƙe da ita ba ya so. Don haka bai tsaya ga aikin biro ba. Ya shugabanci reshen Stuttgart na ƙungiyar Reichsbanner, wadda aka kafa don tsaron jamhuriya, yana yawon tarurruka tare da Kurt Schumacher, wanda daga baya ya zama shugaban jam'iyyarsu.

KASO DA GUDUN HIJIRA

Hitila ya hau mulki ran 30 ga watan Janairu na shekara ta 1933. Ba a yi wata biyu ba aka kama Bauer, aka kai shi sansanin Heuberg. Sansani a nan yana nufin wurin da ake tsare mutane babu tuhuma babu shari'a, masu gadi su yi da su yadda suka ga dama. Ya yi wajen wata 8 a tsare. Yana ciki aka yi dokar watan Afrilu na 1933 wadda ta kori Yahudawa da abokan hamayya daga aikin gwamnati, ya rasa kujerarsa. A shekara ta 1935 dokokin Nuremberg suka ƙwace wa Yahudawa haƙƙin ƴan ƙasa, suka haramta aure tsakaninsu da sauran Jamusawa.

Aƙidar Nazi ta kasa ƴan Adam daraja-daraja bisa ga jini, kuma ba ta tsaya ga Yahudawa ba. Ta haɗa da ƙabilar Roma, da naƙasassu, da baƙar fata. A watan Yuni na shekara ta 1940, a ƙauyen Chasselay kusa da birnin Liyon na Faransa, sojojin Jamus sun ware sojojin Afirka ta Yamma da suka kama daga cikin abokan yaƙinsu Turawa, suka harbe su.

Bauer ya bar Jamus a shekara ta 1936, ya koma ƙasar Danmak inda ƴar uwarsa take zaune. Amma a watan Afrilu na 1940 sojojin Jamus suka mamaye Danmak, aka sake tsare shi na ɗan lokaci. A watan Oktoba na 1943, da labari ya fita cewa za a kwashe Yahudawan ƙasar, masunta da sauran talakawan Danmak suka riƙa ƙetarar da su cikin dare zuwa Suwidin, har aka tsirar da mutum fiye da 7,000. Bauer da iyayensa suna cikin waɗanda suka shiga jirgin masunta. A Suwidin ya yi aikin jarida tare da wani ɗan gudun hijira mai suna Willy Brandt, wanda ya zama shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma a shekara ta 1969.

KOMAWA GIDA

Yahudawan Jamus da suka tsira, kaɗan ne suka yarda su koma. Bauer ya koma a shekara ta 1949, shekarar da aka kafa Jamus ta Yamma da sabon tsarin mulki. Aka ba shi aikin alƙali a birnin Braunschweig, a shekara ta 1950 kuma ya zama babban mai gabatar da ƙara na yankin, wato shugaban lauyoyin da ke tuhumar masu laifi da sunan gwamnati.

Ya tarar da ƙasa mai son mantuwa. Ana gina garuruwan da bom ya rushe, kasuwa tana farfaɗowa, babu mai son a tono abin da ya wuce. Wata doka ta shekara ta 1951 ta buɗe wa tsofaffin ma'aikata ƙofar komawa aiki, gidajen shari'a da barikin ƴan sanda suka cika da mutanen da suka yi wa Hitila hidima. Hatta a fadar shugaban gwamnati Konrad Adenauer, babban sakatare daga 1953 zuwa 1963 shi ne Hans Globke, wanda a shekara ta 1936 ya sa hannu wajen rubuta littafin bayanin dokokin wariya na Nuremberg. An ruwaito cewa Bauer yakan kwatanta fita daga bironsa da shiga ƙasar abokan gaba.

Shari'arsa ta farko da ta yi suna ita ce ta Otto Ernst Remer, a watan Maris na 1952. Remer hafsan soja ne da ya taimaka wajen murƙushe hafsoshin da suka yi yunƙurin kashe Hitila ran 20 ga watan Yuli na 1944. Bayan yaƙi ya shiga siyasa, yana kiran waɗancan hafsoshi maciya amanar ƙasa. Bauer ya tuhume shi da ɓata sunan matattu. Hujjarsa ita ce, gwamnatin da ke kashe dubban mutane kullum ta daina zama gwamnatin doka, saboda haka wanda ya saɓa mata bai ci amana ba. Kotu ta karɓi wannan hujja, ta yanke wa Remer ɗaurin wata 3. Hukuncin ƙarami ne, amma da shi kotun Jamus ta tabbatar cewa mulkin Hitila mulkin zalunci ne, kuma rantsuwar biyayya da aka yi masa ba ta ɗaure kowa ga aikata laifi ba.

A shekara ta 1956 shugaban gwamnatin jihar Hessen, Georg-August Zinn, ya kira shi birnin Farankfot, ya naɗa shi babban mai gabatar da ƙara na jihar. A kan wannan kujera ya zauna har ƙarshen ransa.

NEMAN ADOLF EICHMANN

Adolf Eichmann shi ne ya riƙe biron da ke kula da kwashe Yahudawa a hedikwatar tsaro ta Balin. Shi ya rubuta rahoton taron Wannsee na ran 20 ga watan Janairu na 1942, inda manyan ma'aikata suka tsara yadda za a halaka Yahudawan Turai. Aikinsa lissafi ne da jirage: mutum nawa, tarago nawa, daga wace tasha zuwa wane sansani. A ƙasar Hungari kaɗai, daga tsakiyar watan Mayu zuwa farkon watan Yuli na 1944, an kwashe mutum wajen 437,000, kusan duka zuwa Auschwitz. Bayan yaƙi sojojin Amurka sun kama shi ba su gane ko shi wane ne ba, ya gudu, ya ɓuya a arewacin Jamus yana aikin daji da kiwon kaji. A shekara ta 1950 ya bi ta Italiya, ya samu takardar tafiya da sunan Ricardo Klement, ya shiga jirgin ruwa zuwa Arjantina. Matarsa da ƴaƴansa suka bi shi a shekara ta 1952, ƴaƴan kuwa ba su ko sauya sunan ubansu ba.

Wannan sakaci shi ya tona shi. A Arjantina akwai wani Bayahude ɗan Jamus mai suna Lothar Hermann, wanda ya taɓa zama a sansanin Dachau, idanunsa kuma sun kusa mutuwa. Ƴarsa ta san wani saurayi mai suna Klaus Eichmann. Da Hermann ya ji cewa kotun Farankfot tana neman wani Adolf Eichmann, sai ya rubuta wa Bauer wasiƙa a shekara ta 1957.

A nan Bauer ya shiga tsaka mai wuya. Hanyar da doka ta shimfiɗa ita ce ya sanar da ƴan sanda da ma'aikatar harkokin waje, su nemi Arjantina ta miƙo mutumin. Amma ya san waɗanda ke zaune a waɗannan ma'aikatu, ya kuma tabbata cewa kafin takarda ta ƙetare teku an riga an yi wa mai laifin raɗa. Zatonsa bai faɗi ƙasa ba, don takardun da aka buɗe a shekara ta 2006 da ta 2011 sun nuna cewa ƴan leƙen asirin Jamus ta Yamma sun san Eichmann yana Arjantina tun shekara ta 1952, sun kuma gaya wa na Amurka a 1958, amma babu wanda ya motsa. Sai Bauer ya ɗauki hanya mai hatsari. A watan Satumba na 1957 ya gana a asirce da Felix Shinnar, wakilin Isra'ila a Jamus, ya ba shi labarin. Ma'aikaci ya kai sirrin aikinsa ga wata ƙasa abu ne da zai iya jawo masa kora, har ma da tuhumar cin amana. Shugabansa Zinn kaɗai ya shaida wa.

Hukumar leƙen asirin Isra'ila, Mossad, ta aika mutum a farkon shekara ta 1958. Ya ga gidan da aka kwatanta a wata unguwa ta bayan birnin Buenos Aires, ya ga gidan talaka ne, ya ce babban hafsan Nazi ba zai zauna a irin wannan wuri ba. Aka yi watsi da maganar. Bauer bai saki ba. Ya sami wata majiya ta biyu, wani Bajamushe masanin duwatsu mai suna Gerhard Klammer, wanda ya taɓa aiki a kamfani ɗaya da Eichmann a Arjantina. Sunan wannan mutum bai fito fili ba sai a shekara ta 2021. A watan Disamba na 1959 Bauer ya tafi Birnin Ƙudus da kansa, ya kai sunan aro na Ricardo Klement da sauran bayani, ya matsa wa Isser Harel, shugaban Mossad. A daidai wannan lokaci ya sa jaridu suka yaɗa cewa ana zaton Eichmann yana ƙasar Kuwaiti, don wanda ake nema ya saki jiki.

Ran 11 ga watan Mayu na 1960, da dare, Eichmann ya sauko daga motar haya yana dawowa daga aikinsa na masana'antar Mercedes-Benz, aka kama shi kusa da gidansa a titin Garibaldi. Aka fitar da shi a ɓoye cikin jirgin sama, ran 23 ga wata firaminista David Ben-Gurion ya sanar da majalisa cewa yana hannu. Arjantina ta kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya cewa an keta mata ƴancin ƙasa, Kwamitin Sulhu kuma ya yarda da kukanta a watan Yuni, daga baya ƙasashen biyu suka sasanta. Aka fara shari'a a Birnin Ƙudus ran 11 ga watan Afrilu na 1961. Eichmann ya kafe a kan cewa shi umurni ya bi. Aka yanke masa hukuncin kisa a watan Disamba, aka rataye shi a daren 31 ga watan Mayu na 1962.

Bauer bai sami abin da ya fi so ba. Burinsa shi ne a kawo Eichmann Farankfot, Jamusawa su yi masa shari'a da kansu, ya ambaci sunayen waɗanda suka yi aiki tare da shi. Gwamnatin Adenauer ta ƙi neman a miƙo shi. Bauer kuwa ya riƙe bakinsa, duniya ba ta san hannunsa a wannan kamu ba sai bayan mutuwarsa.

SHARI'AR AUSCHWITZ

Auschwitz yana kudancin ƙasar Polan. A can aka kashe mutum wajen miliyon 1 da dubu 100, kusan miliyon 1 daga cikinsu Yahudawa ne, mafi yawa da iskar guba a ranar da aka sauke su daga jirgi. Sojojin SS wajen 8,000 suka yi aiki a wurin. Duk da haka, shekara 14 bayan yaƙi, Jamusawa da yawa ba su san abin da sunan yake nufi ba, ko kuwa ba su so su sani.

A watan Janairu na 1959 wani ɗan jarida mai suna Thomas Gnielka ya kawo wa Bauer wasu takardu da ya samu daga hannun wani da ya tsira. Takardun sansanin ne, ɗauke da sunayen fursunonin da aka harbe da sunayen masu harbin. Da su Bauer ya roƙi babbar kotun tarayya ta damƙa wa Farankfot duk abin da ya shafi Auschwitz, ta kuwa yarda a watan Afrilu. Ya zaɓi lauyoyi matasa waɗanda ba su yi aiki a zamanin Hitila ba, Joachim Kügler da Georg Friedrich Vogel, daga baya Gerhard Wiese ya haɗu da su. Hermann Langbein, tsohon fursunan sansanin, ya taimaka musu wajen nemo shaidu a ƙasashe da dama.

Da aka shiga neman masu laifin, sai aka ga ba su yi nisa ba. Robert Mulka, mataimakin kwamandan sansanin, ɗan kasuwa ne mai wadata a Hamburg. Victor Capesius yana da farmasi a garin Göppingen. Oswald Kaduk yana jinyar marasa lafiya a wata asibiti ta Balin. Wilhelm Boger, wanda ya yi suna wajen azabtar da fursunoni, ma'aikacin kamfani ne kusa da Stuttgart. Duk waɗannan da sunayensu na gaskiya suke zaune. Richard Baer, kwamandan ƙarshe na babban sansanin, shi ne ya sauya suna, yana aikin daji kusa da Hamburg. An kama shi a watan Disamba na 1960, ya mutu a gidan kaso a 1963 kafin a fara shari'a.

Ran 20 ga watan Disamba na 1963 aka buɗe shari'ar, da mutum 22 a gaban alƙalai. Aka yi zama 183, aka saurari shaidu 360, waɗanda 211 daga cikinsu fursunonin Auschwitz ne da suka tsira. Bauer bai tsaya a gaban kotu da kansa ba, ya bar wa matasan, amma shi ya tsara aikin. Ya sa masana tarihi suka fara bayyana wa kotu yadda aka gina sansanin da yadda umurni ke saukowa daga Balin, don a ga laifin kowane mutum a cikin babban aikin da ya yi wa hidima. A watan Disamba na 1964 wakilan kotu suka tafi Auschwitz, alhali a lokacin babu huldar jakadanci tsakanin Jamus ta Yamma da Polan. Suka auna nisan wurare, suka tabbatar cewa masu cewa ba su gani ba, ba su ji ba, daga inda suke aiki ana gani ana kuma ji. Mutum wajen 20,000 suka halarci zaman kotun, da yawansu ƴan makaranta ne, jaridu kuma suna buga labarin kullum.

An yanke hukunci ran 19 da 20 ga watan Agusta na 1965. Mutum 20 suka rage, don biyu sun fita saboda ciwo. Shida suka sami ɗaurin rai da rai, tun da tsarin mulkin 1949 ya soke hukuncin kisa. Goma sha ɗaya suka sami ɗauri daga shekara 3 da ƴan watanni zuwa shekara 14, aka sallami uku.

INDA YA SAƁA DA ALƘALAI

Wannan hukunci bai gamsar da Bauer ba, kuma dalilinsa shi ne zuciyar aikinsa duka. A ganinsa Auschwitz laifi ɗaya ne babba, wuri ne da aka gina don kisa kurum. Saboda haka duk wanda ya yi aiki a ciki yana sane da abin da ake yi, daga kwamanda har mai lissafin kayan matattu, yana da hannu a kisan, ko da bai taɓa riƙe bindiga ba. Alƙalai suka ƙi. Suka ce sai an nuna wa kowane mutum laifinsa na kansa, da rana da wuri da shaida. Da wannan ma'auni, mai gadin da ya kashe fursuna da hannunsa don mugunta shi ne mai kisan kai, amma wanda ya tafiyar da aikin daga kan tebur mai taimako ne kawai. Mulka, da aka same shi da hannu a mutuwar aƙalla mutum 3,000, shekara 14 ya samu. Capesius, da aka same shi da hannu a mutuwar aƙalla 8,000, shekara 9. Babbar kotun tarayya ta goyi bayan alƙalan a shekara ta 1969.

Ba yawan shekarun ɗauri ne ya dame shi ba, don shi mutum ne da ya yi ta fafutukar a gyara gidajen kaso, a daina ɗaukar hukunci a matsayin ramuwa. Abin da yake nema shi ne Jamusawa su ji da kunnensu abin da aka yi da sunansu, ƴan baya kuma su koyi cewa akwai umurnin da wajibi ne ma'aikaci ya ƙi bi. Ladan da ya samu daga mutane da yawa shi ne wasiƙun zagi da barazanar kisa ta wayar tarho.

Wasu dosiyoyinsa ba su kai ko'ina ba. Ya nemi Josef Mengele, likitan Auschwitz da ya yi gwaje-gwaje a jikin yara, bai same shi ba. Mengele ya nutse a teku a ƙasar Barazil a shekara ta 1979, ba a tabbatar da gawarsa ba sai a 1985. Werner Heyde, likitan da ya shugabanci kisan naƙasassu da masu taɓin hankali, ya yi shekaru yana aiki a garin Flensburg da sunan aro, likitoci da alƙalai da dama sun san shi suka yi shiru. Ya kashe kansa a watan Fabrairu na 1964, kwanaki kaɗan kafin a fara shari'arsa. Binciken da Bauer ya buɗe a kan manyan ma'aikatan shari'a da suka rufe ido ga wannan kisa, an rufe shi a shekara ta 1970. Kotun Jama'a ta Hitila ta yanke hukuncin kisa fiye da 5,000, amma babu alƙalinta ko ɗaya da kotunan Jamus ta Yamma suka tabbatar wa hukunci.

MUTUWARSA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Ran 1 ga watan Yuli na shekara ta 1968 aka tarar da gawarsa a gidansa na Farankfot, saura mako biyu ya cika shekara 65. Likitoci sun sami ciwon zuciya a jikinsa. Kabarinsa yana birnin Göteborg na Suwidin. A wannan shekara kuma wani gyara da aka yi wa dokar laifuffuka ya sa wa'adin tuhumar masu taimakon kisa da yawa ya wuce, manyan ma'aikatan hedikwatar tsaro ta Balin da ake shirin gurfanarwa suka tsira.

Shekaru suka shuɗe ba a cika ambaton sunansa ba. A shekara ta 1995 aka kafa cibiyar bincike mai sunansa a Farankfot. Sa'an nan a shekara ta 2011 wata kotu a Munik ta sami John Demjanjuk, tsohon mai gadi a sansanin Sobibor, da laifin taimakon kisan mutum fiye da 28,000, ba tare da an nuna ya kashe wani takamaiman mutum ba. Aikinsa a sansanin ya isa hujja. A shekara ta 2015 kotun Lüneburg ta yanke wa Oskar Gröning, mai lissafin kuɗin da aka ƙwace wa matattu a Auschwitz, ɗaurin shekara 4, babbar kotun tarayya ta tabbatar a 2016. A shekara ta 2022 aka hukunta Irmgard Furchner, wadda ta yi aikin sakatariya a biron kwamandan sansanin Stutthof, aka tabbatar da hukuncin a 2024. Hujjar da aka ƙi karɓa daga bakin Bauer ita ce aka dawo gare ta, amma bayan kusan shekara 50, lokacin da dubban waɗanda ta shafa sun riga sun mutu a kan gadajensu. Takardun shari'ar Farankfot da muryoyin shaidun da aka ɗauka, hukumar UNESCO ta shigar da su cikin kundin abubuwan tunawa na duniya a shekara ta 2017.

Hausawa kan ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Tarihin Fritz Bauer ya nuna cewa ranar nan ɗaya ba ta zuwa da kanta. Eichmann ya yi shekara 10 a Arjantina, hukumomi biyu sun san inda yake, ba a taɓa shi ba sai da aka sami ma'aikaci guda da ya karanta wasiƙar wani makaho, ya ƙi jefa ta a aljihun tebur. Hannun da ya sa hatimi ga takardar kwashe mutane hannun ma'aikaci ne, wanda ya sa hannu ga takardar kama mai laifin shi ma na ma'aikaci ne. A Braunschweig da Farankfot, Bauer ya sa an rubuta jumlar farko ta tsarin mulkin 1949 da manyan haruffa a jikin ginin masu gabatar da ƙara, wadda ke tabbatar da cewa mutuncin ɗan Adam ba abin taɓawa ba ne. Ya sa ta a bango na waje ne, inda mai ƙara da wanda ake tuhuma da ma'aikacin da ke zuwa aiki da safe duk za su gan ta.